Ubangidan da Gwamnati Ta Ba Maazou

Duk wanda ya zauna a gidajen hayar nan na bayan High Point Road a Greensboro ta Amurka a shekarun dubu biyu ya san Maazou, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon Bagobirin nan mai zane a kumatu, wanda in ya tare ka da gaisuwa sai ya tambayi lafiyar mutanen gidanku ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda bai taɓa gani ba, kai kuwa kana hangen bas ɗinka tana shirin tashi. Mutum ne mai sanyin hali, ba a taɓa jin muryarsa sama da ta wani ba. Amma fa in ya kafe a kan magana, to ka nemi wuri ka zauna. Matarsa Chamsiya takan ce gara a ba ta mataccen akori-kura ta tura da a ce ta juya ra'ayin mijinta.

Asalinsa mutumin Tibiri ne, kusa da Maraɗi. Yana ɗan shekara goma sha biyu mahaifinsa ya kama hannunsa ya kai shi birni, ya danƙa shi ga wani mai ɗinkin kujerun mota, Malam Ousmane, da ƙullin goro da addu'a. Daga ranar ya zama apranti, wato yaron shago mai koyon sana'a. Ba albashi, ba rubutacciyar yarjejeniya, ba wanda ya ce masa ranar kaza zai gama. Shi ne sharar shago, shi ne ɗebo wa matan gidan ruwa, da damina kuma shi ne a gonar maigida da hauya. Ya sha zagi, ya sha ranƙwashi har tsakiyar kansa ta saba. Amma da lokaci ya yi, Malam Ousmane ya tara mutanen layin, ya ajiye keken ɗinki da almakashi a gabansa, ya kama masa rumfa a bakin tasha, ya ɗora hannu a kansa ya sa masa albarka. Aka ce an yaye Maazou. A wannan ranar ya kammala karatunsa na zaman duniya, bai kuma ƙara buɗe wani babi ba: ka bauta wa ubangidanka da zuciya ɗaya, shi ya san ranar da zai tsayar da kai da ƙafarka. Wanda kuwa ya gudu kafin a yaye shi butulu ne, ko ya yi arziki daga baya mutanen layi ba sa tashi su ba shi wurin zama.

Rumfar ta riƙe shi har ya yi aure. Sai aka karya darajar kuɗin sefa, leda da soso suka yi tashin gwauron zabo, direbobi suka gwammace su shimfiɗa tabarma a kan yagaggiyar kujera da su kawo gyara. Ana cikin wannan hali ya ci cacar bizar Amurka, wadda ya shiga da wasa a shagon wani mai hoto. Ya sauka Greensboro don a nan 'yan Nijar suke, a nan kuma akwai masaƙu masu ɗaukar mutum ko Turancinsa bai wuce gaisuwa ba. Ya shekara bakwai tsaye gaban injin saƙa, da toshiya a kunne, yana dawowa gida da shuɗin zare a gira. Ya kawo Chamsiya, suka haifi Dalila da Kader, yaran da za ka yi wa magana da Hausa su mayar maka da Turanci. Ya sayi tsohuwar mota. Tsohuwarsa a Tibiri ba ta taɓa kwana da yunwa ba. A ganinsa ya gama samun abin da ya fito nema.

A shekarar 2004 masaƙar ta rufe. Aka ce aikin ya koma wata ƙasa inda hannu ya fi arha. Maazou ya zaga garin nan har tayoyin motarsa suka suɗe, amma duk ƙofar da ya ƙwanƙwasa sai ya tarar da tsoffin abokan aikinsa sun riga shi layi, su da aka haifa da Turanci a baki. Ɗan abin da ake ba wanda ya rasa aiki ya zo ya ƙare. Ranar da Chamsiya ta juye ƙarshen buhun shinkafa a tukunya, ta ninke buhun ta ajiye, ranar ya san dole ya je ofishin tallafi, wanda mutanenmu ke kira welfe. Ya ajiye motarsa can nesa ya tako da ƙasa, kada wani ɗan Nijar ya wuce ya gane ta. Kunya ta cika shi, don a wurinsa wannan bara ce, sai dai an sa mata kujeru da na'urar sanyaya ɗaki.

Jami'ar da aka haɗa shi da ita sunanta Roseline, baƙar fata 'yar ƙasa, mace mai saurin magana da idanun wanda bai samu isasshen barci ba. Ba ta wulaƙanta shi ba. Ta yi masa bayani dalla-dalla cewa zamanin a zauna a karɓa ya wuce, an canza doka tun kafin ya shigo ƙasar. Yanzu duk wanda ke karɓar tallafi sai ya cika awoyi a mako, ko a aji ko a wurin aiki, kuma tallafin na da wa'adin shekara biyu, in ya cika a rufe. Aka fara tura shi aji. A can wata yarinya sa'ar ƙanwarsa ta koya wa magidanci mai shekara arba'in yadda ake miƙa hannu a gaisa, da yadda ake kallon babba cikin ido, abin da a Tibiri ake marin yaro a kansa. Maazou ya haɗiye, ya koya.

Da aka gama ajin Roseline ta kira shi. Ta ce ta ga ya taɓa ɗinkin kujeru, akwai kuma wani mai shagon gyaran kujerun gida da ke karɓar mutanensu. Zai yi wata shida a can ba albashi, tallafinsa na tafiya, yana koyon yadda ake aikin a nan. In mai shagon ya ga hannunsa, yana iya ɗaukarsa.

Kada wani ya ce bai fahimci Turancin ba. Ya ji kowace kalma yadda aka faɗe ta. Abin da ya faru shi ne maganar ta faɗa a kan abin da ya riga ya sani: aiki ba albashi, koyo a hannun mai shago, ƙarshe a tsayar da kai. Ya fito daga ofishin yana murmushi shi kaɗai a titi. Ashe Nasara ma sun san apranti! Ashe ba bara yake yi ba, gwamnati ce ta kama hannunsa kamar yadda mahaifinsa ya yi, ta kai shi ga ubangida.

Shagon yana bayan wani filin sayar da tsoffin motoci a High Point Road. Mai shi Mista Sylvanus, Bature ne mai tumbi da farin gashin baki, mai yawan dariya, wanda ya gaji sana'ar daga ubansa. Yawancin aikinsa daga unguwar Irving Park yake zuwa, inda masu hali ke da kujerun kakanninsu da ba sa son jefarwa. A makon farko wata mata mai suna Scholastica ce ta nuna wa Maazou bindigar ƙusa da yadda ake jan yadi a kan soso. Hannunta na da kyau, fuskarta kuwa a murtuke, ko gaisuwa da ƙyar take amsawa. Ranar Litinin ta gaba bai gan ta ba. Ya tambaya, Sylvanus ya ce ta gama. Maazou ya yi mata murna a ransa, yana mamakin yadda ake yaye mutum a ƙasar nan ba taro ba walima.

Sai ya shiga bauta irin wadda ya sani. Kafin a buɗe shago yana bakin ƙofa, kafin Sylvanus ya gama kofinsa ya share ko'ina. Ya ga motar maigida da laka, ya nemi bokiti. Da ya ji Sylvanus na ƙorafin ciwon baya da ciyawar da ta cinye masa fili a gidansa na Summerfield, can wajen gari inda ake kiwon dawakai, Asabar da safe sai ga Maazou a ƙofar gidan, da man motar da ya kamata ya kai yara masallaci. Ya yanke ciyawa, ya gyara shinge, ya kwashe ganye daga magudanar rufi. Ranar farko Sylvanus ya ruɗe, ya zaro kuɗi ya miƙa masa. Maazou ya mayar da hannuwansa baya, ransa ya ɗan sosu. Ina aka taɓa jin yaro ya karɓi lada don ya nome gonar ubangidansa? Sylvanus ya yi dariya, ya dafa kafaɗarsa, ya ce bai taɓa ganin mutum irinsa ba, bai san yadda zai yi in babu shi ba. Maazou ya ɗauki wannan magana ya adana.

A yi wa Sylvanus adalci, ba mugu ba ne mai ƙaho. Bai taɓa zagin Maazou ba, yana barinsa ya tafi sallar Juma'a, har ya share masa wani lungu a bayan tarin soso don salla. Laifinsa guda ne, kuma ba ƙarami ba ne. Ya ga mutum yana yi masa hidimar da ba a yi wa wanda za a rabu da shi, ya san sarai ranar rabuwar, amma ya yi shiru don shirun ya yi masa daɗi. Daga Asabar ta uku ma ya daina zaro kuɗin, ya koma ajiye wa Maazou injin yankan ciyawa a waje da mai a ciki.

Da azumi ya tsaya, wata rana abokinsa Boukari ya zo buɗa-baki gidan. Boukari Bazabarme ne, abokin wasan Gobirawa, direban injin ɗaga kaya a wani katafaren sito kusa da filin jirgi. Ya sha kunu kofi biyu, ya share baki, ya juyo.

"Bagobiri, bawana, buɗe kunnenka da kyau. Depo ɗinmu suna ɗaukar mutum biyu. Aiki na gaske, da kontra a rubuce, da asirans, wato inshorar likita, har ta ɗiya. Na yi ma shef, babban wurin, maganarka, ya ce ka taho Litinin."

Maazou ya juya dabino a hannu. "Na gode, Allah shi bar zumunci. Amma ba ni iya barin patron, ubangidana, yanzu."

"Wane patron? Wanda bai biyan ka ko dala guda?"

"Malam Ousmane ma bai biya ni ba. Ka ga abin da ya yi mini daga baya."

"Kai, wanga taurin kai na Gobirawa! Nan ba Maraɗi ba ne, Maazou. Nan in sunka gama da kai, bai-bai kawai suke cewa."

"Ba ka san mutumen ba. Aikin Kirsimati ya taru mashi har rufi, bayanshi na ciwo. In tahi in bar shi yanzu? Da wane ido zan dube shi?"

Chamsiya ba ta saba sa baki a gaban baƙo ba, amma ranar ta tsaya a ƙofar kicin da ludayi a hannu. "Malam, ka yi haƙuri. Wa'adin welfe ɗin nan tafiya yake. Ka dubi yaran nan."

"Su nake duba," in ji shi. "So kike gobe a ce da su ɗiyan butulu?"

Boukari ya kaɗa kai ya ja akushin tuwo gabansa. Da a ce Maazou ya kai wannan magana wurin Roseline, da ta ce ya tafi da gudu, don aikin albashi shi ne abin da dokar ke nema tun farko. Bai kai ba. A wurinsa ko a ji ya tsaya yana shawara a kan barin ubangida abin kunya ne. Litinin ta zo ta wuce yana durƙushe gaban kujerar wata tsohuwa 'yar Irving Park, bakinsa a bushe da azumi, zuciyarsa fes, yana jin ya ci wata jarrabawa.

Sallar layya ta zo a tsakiyar sanyi. Bai samu yin yanka ba, amma maƙwabta sun san halin da ake ciki, nama ya shigo gidan ta ko'ina. Ya zaɓi cinyar da ta fi kowace kyau, wadda Chamsiya ta riga ta sa wa ido, ya naɗe ya kai Summerfield. Matar Sylvanus ta karɓa da yatsu biyu tana godiya, tana kallon mijinta, ba ta san abin da za ta yi da ƙafar rago ba.

A makon da ya biyo baya ofis ya turo wani mutum, Lamont, baƙar fata mai furfura a gemu, wanda shi ma daga masaƙa ya fito yana riƙon 'ya'ya biyu shi kaɗai. Sylvanus ya kira Maazou ya ce ya nuna masa aiki. Wayyo Maazou! Daɗi ya kusa kashe shi. A shagon Malam Ousmane ba a ba ka yaro sai ka zama babba, sai yaye ya kusa. Ya koma gida ranar yana waƙa a mota. Ya gaya wa Chamsiya, ita ma ta saki rai har ta soya nama da albasa mai yawa. Ya kira Boukari a waya ya ce Bazabarme ya shirya, in an ɗauke shi zai nema masa aikin shara.

Ya koya wa Lamont da zuciya ɗaya, har da 'yan dabarun da ba wanda ya nuna masa. Ranar Laraba suna zaune a bayan shago lokacin hutun rana, Lamont na cin burodinsa, ya tambaye shi ba da wata manufa ba: "Ina za su tura ka bayan Juma'a?"

"Tura ni? Ni a nan nake."

Lamont ya daina tauna. Ya dube shi na ɗan lokaci. "Ba su gaya maka ba? Ɗan'uwa, nan wuri na uku ke nan da aka kai ni. Ko'ina haka ake yi. Wanda ya koya maka a makonka na farko, makonsa na ƙarshe ke nan. Me zai sa mutumin nan ya biya ka albashi, alhali ofis zai aiko masa da wani a kyauta?"

Maazou ya ji kamar an zare masa kujera yana shirin zama. Fuskar Scholastica ta faɗo masa a rai, da yadda take amsa gaisuwarsa da ƙyar, shi kuwa yana ta washe mata baki. Ya miƙe ya shiga ɗan ofishin Sylvanus. Bai taɓa shiga ba sai an kira shi.

Ya tattaro Turancinsa ya tambaya ko gaskiya ne ranar Juma'a zai tafi. Sylvanus ya cire gilashi, ya shafa gashin baki, ya ce ai ya ɗauka ya sani, wata shida ne tsarin. Shagon ƙarami ne, ba ya iya ɗaukar albashin mutum da inshorarsa. Zai yi kewarsa ƙwarai, kuma duk wanda ya kira yana tambaya zai ce bai taɓa samun ma'aikaci kamarsa ba.

"Ka ce ba ka san yadda za ka yi in babu ni ba," in ji Maazou.

"Na faɗa, kuma gaskiya ne. Amma ban taɓa yi maka alkawarin aiki ba."

"An ba ni aiki a wani wuri. Na ƙi saboda kai."

Sylvanus ya buɗe baki. Jininsa ya taru a fuska. "Saboda ni? Wa ya ce ka yi haka? Da ka tambaye ni da na ce ka tafi!"

"Ciyawa fa? Shinge fa?"

"Ban kira ka ba, Maazou. Na ba ka kuɗi ka ƙi."

Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, kuma wannan ne ya fi yi wa Maazou ciwo. An ci amanarsa, ya san an ci, yana jin zafin a ƙirjinsa kamar ya haɗiye garwashi, amma ba kalma ɗaya da zai kama ya ce ga ƙaryar da aka yi masa. Ya fito bai rufe ƙofa ba. Ya zo Alhamis, ya zo Juma'a, ya ƙarasa kujerar da ke hannunsa, don bai iya barin aiki rabi ba. Da yamma Sylvanus ya miƙo masa hannu. Maazou ya karɓa, ya kalle shi cikin ido yadda aka koya masa a aji, har Baturen ya kau da kai.

Roseline kuwa da fara'a ta tarbe shi. Ta ce ya kammala, awoyinsa sun cika ba ko ɗaya da ya ɓata, da duk mutanenta irinsa ne da ta huta. Sai ya ba ta labarin aikin sito. Ta ajiye biro, ta dafe goshi da hannu biyu.

"Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

Yaya za ka fassara wa wadda ba ta san Malam Ousmane ba? Maimakon haka ya yi mata tasa tambayar. "Madam, mutum nawa kika kai shagon nan?"

Ta ce da yawa.

"Nawa ya ɗauka?"

Ta dubi tebur. Can ta ce, da muryar da ta yi ƙasa, su ba wannan ake tambayarsu ba a sama. Abin da ake tambaya shi ne ko mutum na cikin awoyinsa. Wurare masu karɓar mutane kaɗan ne, in ta matsa wa mai shago ya daina karɓa, ita kuma ba ta da inda za ta kai na bayansa. Maazou ya gyaɗa kai. Ashe ita ma ta sani. Ranar da take ce masa mai shago yana iya ɗaukarsa, ta san bai taɓa ɗaukar kowa ba, ta bar shi ya fita yana murmushi. Ta ce wa'adinsa ya ci rabi da wani abu, kuma in bai ci gaba da cika awoyi ba za a tsayar da tallafin tun kafin lokaci. Za ta nema masa wani wurin.

Ya je wurin Boukari da kansa, da ƙafarsa, abin da ya fi masa zuwa welfe nauyi. Boukari ya ce an cike guraben tun cikin azumi, yanzu ma rage mutane ake yi. Bai kira shi bawa ba, bai ce na gaya maka ba, ya raka shi har mota yana ba shi haƙuri. Maazou ya gwammace da ya tsokane shi. A gida Chamsiya ba ta ɗaga maganar ba ko sau ɗaya. Ta dai nemi izini ta fara zuwa shagon kitson wata 'yar Togo, tana dawowa da yatsu a kumbure. Shi kuwa ya rage tsayawa gaisuwa a hanya, mutanen gidajen haya suka fara tambayar ko lafiya.

Sabon wurin da aka tura shi wajen wankin motoci ne, a wani filin sayar da motoci, a High Point Road ɗin dai. Ya isa da safe cikin sanyi, ba ya ɗokin komai. Manajan ya duba sunansa, ya ƙwala wa wani kira, ya koma ciki. Sai ga wani gajeren mutum ya fito daga bayan wata mota da takalmin roba da bokiti, yana ganin zanen fuskar Maazou ya saki dariya.

"Kai! Bagobiri a nan? Sannu da zuwa, ɗan'uwa! Ni Moutari, mutumen Tasawa. Ina gida? Ina iyali?"

Suka gaisa sosai. Moutari bai iya riƙe murnarsa ba, ya matso ya rage murya.

"Ka zo da goshi wallahi. Welfe ta kawo ni nan tun damina, ban taɓa latti ba, har gidan patron nake zuwa in wanke na matarshi. Yau da sahe ya ce ni zan nuna maka aiki. Ka gane ai? An ba ni yaro! Ka yi haƙuri da kalmar, kai babba ne. Amma ka san abin da ake nufi. Na kira gida na gaya ma tsohuwa, ta ce za ta yi sadaka."

Maazou ya tsaya yana kallonsa. Ba ya iya juyawa ya tafi, don in ya tafi abincin Dalila da Kader ne zai tsaya. In kuma ya tsaya, ya san abin da tsayuwarsa ke nufi ga wannan bawan Allah mai dariya. Baƙin ciki ya taso masa, irin wanda bai ji ba ko a ofishin Sylvanus. Moutari ya miƙo masa soso da tsumma.

"Mi ya faru, ɗan'uwa? Sanyi ne?"

Maazou bai karɓa ba. "Malam Moutari," in ji shi, "aje bokitin nan tukuna. Ba yaro aka ba ka ba. Ni ne aka kawo a maimakonka."